Ɗan Mai Haɗa Taragai

Ƙarfe biyun dare a Barnawa.
An ɗauke wuta tun isha'i, ruwa na dukan kwano,
batir ya ce saura kashi sha tara,
gini kuma ya rushe karo na shida.

Ba ginin bulo ba.
Rubutu ne, layi ɗari huɗu da 'yan kai,
mai gaya wa na'ura: ɗauko wannan, sassaƙa wancan,
ɗaure su wuri guda su zama rumbu,
rumbun da duk mai aiki da harshen nan zai ɗebi tsaba
bai tambayi wanda ya yi yaɓen ba.

A Linuks ya miƙe tsaye.
A Mak ya yi tari sau biyu, ya wuce.
Windos ce ta ƙeƙasa ƙasa.
Mahaɗi ya kira suna, shiru.
Ya sake kira.
Ya ce: an ambaci wani a nan, ban gan shi ba.

Baba Barau ya san irin wannan daren.
Shekara talatin da ɗaya yana haɗa taragai
a tsohuwar tasha, ƙetaren gada,
yatsunsa tara da rabi.
Yakan ce tarago ba shi da gardama,
ƙugiya ce mai hali.
Ranar da muka kai shi Rigasa ganin sabon jirgi
ko kallon kujerun bai yi ba.
Dogo ya tsura wa ido, ya gwada faɗinsa daga nesa da sandarsa,
ya ce, wannan ya fi namu baki,
taragonmu ba zai hau ba.
Muka yi dariya. Shi bai yi ba.

To ga ni, Baba, tsakanin dogo uku,
kowanne da faɗinsa.
Wannan sandar rabe hanyarsa gaba ta karkata,
wancan tasa baya.
Wannan ya ɗauki babban baƙi da ƙarami 'yan uwa,
wancan ya ce ko a hanya ba su taɓa haɗuwa ba.
Kaya ɗaya ne, dole ya isa duka tashoshin.

Saura kashi sha ɗaya
na koma kan saƙon Malama Kuyet,
mai koyar da lissafi a Narayi,
ita ce ta fara cewa abin ya ƙi.
Na karanta hanyar fayil ɗinta a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Jakar aikinta ta sa mata suna Ƙoƙari.

Nan ne.
Wanda ya rubuta layi na ɗari biyu da bakwai,
shekara sha ɗaya baya, a garin da ban san sanyinsa ba,
bai taɓa ganin harafi mai lanƙwasa ba.
Ba mugunta ba ce.
Hanya ta zo kan ƙugiyar ƙa, ta tsinke,
mahaɗi ya tsaya a daji yana kiran wanda ke bayansa.

Layi uku na gyara. Uku tak.
Na sake kunna ginin a dogo na farko, na biyu,
na riƙe numfashi a na uku.
Kore. Kore.
Sauro ya sami kunnena.
Kore.

Gobe a jerin sauye-sauye za a sa rabin layi,
ƙasa da sababbin abubuwan da za a tafa wa.
Fasinja ba ya leƙa tsakanin taragai,
in ya leƙa, to wani abu ya faru.

Saura kashi uku, na tura.
Ruwa ya tsagaita, zakaran maƙwabta ya yi kuskuren lokaci.
Kafin allo ya mutu wani saƙo ya faɗo:
a kan wata 'yar na'ura mai girman akwatin ashana
ginin ya rushe.

Dogo na huɗu ke nan, Baba.
Bari a kawo wuta.